Sarakunan Malesiya da 'yan siyasarsu: ikon da aka ƙwace, ya kuma dawo da ƙafarsa

Duk lokacin da wani gwamna ya taɓa wani sarki a ƙasar nan sai tsohuwar maganar nan ta sake tasowa, wai a ba sarakuna gurbi a kundin tsarin mulki kowa ya huta, kuma da wuya a gama musun wani bai ce "ku dubi Malesiya" ba. Ni ma ina cikin masu son a kare martabar sarauta, wallahi raina yana ɓaci in na ga an yi wa rawani wulaƙanci, amma yadda ake ambaton Malesiyar nan kamar wata aljannar da sarki da ɗan siyasa suke zaune lafiya lau tun fil'azal, shi ne abin da ban yarda da shi ba. An kai ruwa rana a ƙasar nan. An yi shekarun da 'yan siyasa suka tsaya a kan sarakuna suka rage musu iko ɗaya bayan ɗaya, sannan aka zo aka yi shekarun da su 'yan siyasar da kansu suka dinga jerin gwano a ƙofar fada kowa na roƙon sarki ya ce shi ne shugaba. Labarin yadda aka tashi daga wancan zuwa wannan shi nake so mu bi a hankali.

Ga wanda bai sani ba, Malesiya jihohi 13 ne, tara daga ciki suna da sarakunan gado: Johor, Kedah, Kelantan, Negeri Sembilan, Pahang, Perak, Perlis, Selangor da Terengganu. Sauran huɗun gwamnoni ake naɗa musu. Su sarakunan nan tara su ne suke zama su zaɓi ɗaya a cikinsu ya zama babban sarkin ƙasa, wanda suke kira Agong, ya yi shekara biyar ya sauka ya koma jiharsa wani ya hau, karɓa-karɓa kenan. Mulki kuwa na firaminista ne da majalisa mai kujeru 222. Kundin tsarin mulki ya ce Agong yana aiki ne da shawarar gwamnati, sai a 'yan wurare kaɗan da aka bar masa ya yi amfani da hankalinsa, manyan ciki su ne naɗa firaminista, wato ɗan majalisar da a ganinsa zai iya samun goyon bayan mafi rinjaye, da kuma ƙin amincewa a rushe majalisa in an nema. Ku riƙe wannan "a ganinsa" ɗin, don shekaru kusan sittin ba wanda ya damu da shi, sai daga baya ya zama shi ne komai.

Abin da ya fara ja na ga tarihinsu shi ne yadda farkonsa ya yi kama da namu sosai. A 1874 Turawan Ingila suka ƙulla yarjejeniyar Pangkor da Perak, aka ce sarki zai karɓi Razdan, kuma dole ya nemi shawararsa ya kuma yi aiki da ita a kan komai in ban da addini da al'ada. Duk wanda ya san zamanin En'e ya san irin wannan "shawara". Razdan na farko, Birch, bai daɗe ba aka kashe shi a 1875, Turawa suka kwashi Sarki Abdullah suka kai shi tsibirin Seychelles. Har ma'aikatan ma ɗaya ne wani lokacin, Hugh Clifford da ya yi gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925 ai a Pahang ya yi ƙuruciyar aikinsa har ya zama Razdan a can. To amma inda hanya ta rabu shi ne bayan yaƙin duniya na biyu. Turawa suka turo Harold MacMichael a ƙarshen 1945 ya bi fada-fada yana karɓar sa hannun sarakuna, wasu da lallashi wasu da barazanar za a tono zamansu da Japanawan da suka mamaye ƙasar lokacin yaƙin, a kan su miƙa ikonsu ga sarautar Ingila a haɗe ƙasar wuri guda. Sarakuna suka sa hannu. Talakawa ne suka ce ba su yarda ba. Mutane suka fito zanga-zanga da farin ƙyalle ɗaure a hulunansu alamar makoki, aka kafa jam'iyyar UMNO a watan Mayun 1946 ƙarƙashin Onn Jaafar, aka matsa wa sarakunan har suka ƙaurace wa bikin rantsar da gwamnan da Turawa suka kawo, a farkon 1948 dole Ingila ta janye tsarin ta dawo wa sarakuna da matsayinsu.

Wannan wurin yana da muhimmanci ƙwarai a wajena. Tun ranar farko 'yan siyasa ne suka ceci sarauta, ba sarauta ce ta haifi 'yan siyasa ba, kuma UMNO ba ta taɓa mantawa da wannan bashin ba. Sun ɗauki sarakuna a matsayin alamar cewa ƙasar ta Malayawa ce kuma ta Musulunci, a ƙasar da take da ɗimbin 'yan asalin Sin da Indiya, su kuma sarakuna suka samu kariya. Da aka samu 'yanci ranar 31 ga Agusta 1957 firaministan farko ma, Tunku Abdul Rahman, ɗan sarkin Kedah ne, don haka fada da gwamnati kamar gida ɗaya ne. Bayan rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayun 1969 sai aka ƙara ɗaure abin, a 1971 aka mayar da tambaya a kan matsayin sarakuna laifin tada zaune tsaye, ko a cikin majalisa ne.

Sai Mahathir Mohamad ya zo a 1981. Likita ne, ɗan malamin makaranta, ba jinin sarauta ba, kuma mutum ne da bai iya raba iko da kowa ba. Lokacin an fara samun sarakunan jihohi da suke ƙin sa hannu a dokoki in sun yi faɗa da babban ministan jiharsu, wato shugaban gwamnatin jihar, kuma layin karɓa-karɓa ya nuna cewa Agong na gaba ko dai sarkin Perak ne ko na Johor, dukkansu mutane masu kafiya. Mahathir bai jira ba. A 1983 ya kai gyaran kundin tsarin mulki majalisa, cewa duk dokar da aka kai wa Agong in ya yi kwana 15 bai sa hannu ba ta zama doka, sannan ikon ayyana dokar ta-ɓaci ya tashi daga hannun sarki ya koma hannun firaminista. Majalisa ta amince, amma ai gyaran shi kansa sai da sa hannun sarki, Agong na lokacin kuwa, Sarki Ahmad Shah na Pahang, da goyon bayan 'yan uwansa sarakuna ya ce ba zai sa ba. Watanni aka yi ƙasa tana tsaye cik. Mahathir ya shiga zagaya jihohi yana tara dubban mutane a filaye yana ce musu su zaɓa tsakanin waɗanda suka zaɓa da waɗanda suka gada, abin da ba a taɓa gani ba, shugaban UMNO yana gangami a kan sarakunan da aka kafa UMNO don karewa. A ƙarshe aka yi sulhu a Disamban 1983 aka zartar da shi a farkon 1984, ta-ɓaci ta zauna a hannun Agong, shi kuma aka ba shi kwana 30 ya mayar da doka majalisa da ƙorafinsa, in suka sake amincewa to ba shi da ta cewa. Kowa ya ce shi ya yi nasara, amma gaskiyar magana ita ce daga ranar sarki ya rasa ikon kashe doka, jinkirta ta kawai zai iya.

Kada kuma a ɗauka kullum faɗa suke. A 1988 lokacin da aka tsige babban alƙalin ƙasar, Salleh Abas, fada da ofishin firaminista bakinsu ɗaya ne, wasiƙar da ya rubuta wa Agong yana kukan yadda gwamnati take sukar alƙalai ita aka juya ta zama laifinsa. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a kan duk rigimarsu, domin ranar da sarki da shugaba suka haɗa kai a kan mutum, ina zai kai ƙara?

Babbar girgizar ta zo ne a ƙarshen 1992, kuma daga filin wasan hoki ta taso, abin mamaki. An zargi wani ɗan sarkin Johor da dukan mai tsaron gidan ƙungiyar Perak bayan wasa, hukumar wasan ta dakatar da shi shekara biyar, fada ta fusata aka sa makarantun Johor janyewa daga gasa, wani kocin makaranta mai suna Douglas Gomez ya fito ya soki abin, sai aka kira shi fada, ya fito ya kai ƙara wurin 'yan sanda cewa Sarki Iskandar da kansa ya dake shi. Matsalar ita ce a lokacin ba kotun da za ta iya sauraron ƙarar sarki, komai ya yi. Mahathir ya ga dama ta samu. Jaridun da suke kusa da gwamnati, waɗanda da ko tari ba sa yi a kan fada, suka shiga fallasa irin rayuwar da ake yi da kuɗin jama'a, filayen katako da ake ba su, motocin da ake shigowa da su ba haraji, gidajen hutu, gwamnati kuma ta fara janye duk wata alfarmar da ba a rubuce take a doka ba. Sarakuna suka ƙi gyaran farko a Janairun 1993, aka ɗan sassauta, zuwa Maris aka zartar: an cire musu rigar kariya, an kafa kotu ta musamman da za ta iya yi musu shari'a, kuma sarki ba zai iya yafe wa kansa ko 'ya'yansa laifi shi kaɗai ba. A 1994 aka ƙarasa aikin 1983, doka in ta kwana 30 a gaban Agong ta zama doka ko ya sa hannu ko bai sa ba. Kotun nan kuma ba ado ba ce, a 2008 ta umarci sarkin Negeri Sembilan, Tuanku Ja'afar, wanda ya taɓa zama Agong, ya biya bankin Standard Chartered bashin kusan dala miliyan ɗaya.

A nan ni ina bayan abin da aka yi, ko da niyyar Mahathir ba tsarkakakkiya ba ce, kuma na san ba don Gomez ya yi ba, ya daɗe yana jin haushin fadar Kelantan da UMNO ta zarga da taimaka wa 'yan adawa suka ƙwace jihar a 1990. Amma mutumin da ba a iya kai shi gaban alƙali, ko waye shi, haɗari ne ga talaka, kuma addininmu ma bai san wannan ba. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne cire rigar nan ya taimaki sarautar kanta. Sarakunan da suka biyo baya sun san ana kallonsu, da yawansu sun yi karatu mai zurfi, suka koma harkar jami'o'i da taimakon jama'a da jan kunne a kan haɗin kan ƙasa, a hankali mutuncin da ya zube ya fara dawowa, a daidai lokacin da na 'yan siyasa yake zubewa.

Mahathir ya sauka a 2003. A zaɓen 2008 gamayyar da UMNO take jagoranta ta rasa rinjayen kashi biyu cikin uku a majalisa karon farko cikin shekaru masu yawa, kuma tun a makonnin farko aka ga canji. A Terengganu firaminista Abdullah Badawi ya ce Idris Jusoh yake so ya ci gaba da zama babban minista, fada ta ce a'a Ahmad Said za ta naɗa, aka yi ta ja-in-ja, firaminista ne ya janye. A Perlis ma haka aka yi. A 2009 a Perak wasu 'yan majalisar jiha uku suka bar gwamnatin 'yan adawa, babban minista Nizar Jamaluddin ya je ya roƙi Sarki Azlan Shah ya rushe majalisa a koma wa jama'a, sarkin, wanda tsohon babban alƙalin ƙasa ne, ya ƙi, ya gana da 'yan majalisar da kansa ya ce ya gamsu Nizar ya rasa rinjaye, ya naɗa Zambry Abdul Kadir. Kotun ƙoli ta tabbatar da hakan a 2010. Wannan hukuncin shi ya buɗe ƙofar da har yau ba a rufe ba, cewa ba lallai sai an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba kafin a san wa yake da rinjaye, sarki zai iya ƙirgawa a fada. Ba a canza ikon sarakuna a kundin ba daga yadda Mahathir ya bar shi, bangon siyasa ne kawai ya tsage.

Daga 2018 abin ya koma sama. UMNO ta faɗi zaɓe karon farko tun samun 'yanci saboda badaƙalar kuɗin asusun gwamnati na 1MDB ta zamanin firaminista Najib Razak, kuma wa ya dawo? Mahathir, yana da shekara 92, wannan karon a jagoran 'yan adawa, ya tsaya gaban Agong yana jiran a rantsar da shi har cikin dare. Ba a yi shekara ba gwamnatinsa ta sa hannu a yarjejeniyar kotun duniya mai hukunta manyan laifuka, fadar Johor ta fito fili ta ce wannan zai taɓa martabar sarakuna, a Afrilun 2019 gwamnati ta janye. Mutumin da ya tanƙwara sarakuna tara a 1993 ga shi fada ɗaya ta sa shi ja da baya, don yanzu gwamnatin haɗin gambiza yake riƙe da ita ba jam'iyya mai kashi biyu cikin uku ba.

Sai Fabrairun 2020. Wasu daga cikin gwamnati suka haɗu da 'yan adawa a otal ɗin Sheraton suka shirya kifar da ita daga ciki, Mahathir ya yi murabus ranar 24 ga wata yana zaton kowa zai dawo ya roƙe shi, lissafi ya ƙwace masa. Agong na lokacin, Sarki Abdullah na Pahang, ɗan wancan Ahmad Shah da ya ƙi sa hannu a 1983, ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ya kira 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya cikin kwana biyu yana tambayar kowa wa kake so, har yana fitowa bakin ƙofar fada yana raba wa 'yan jaridar da suka yini a rana abinci, hotunan suka zagaya duniya mutane suka ƙara sonsa. Ya zaɓi Muhyiddin Yassin, aka rantsar da shi ranar 1 ga Maris. Mahathir ya fito da jerin sunaye 114 ya ce shi ne mai rinjaye, ba a saurare shi ba, kuma da majalisa ta zauna a watan Mayu zaman yini ɗaya aka yi, aka ji jawabin sarki aka tashi, ba a gwada rinjayen kowa ba. Ku lura da kwanan watan nan, domin kwana takwas bayan sarki ya naɗa shugaban gwamnati a Kuala Lumpur, ranar 9 ga Maris 2020, gwamnatin Ganduje ta cire Sarki Muhammadu Sanusi II a Kano aka kai shi jihar Nasarawa. Na tuna yadda mutane suka dinga haɗa labaran biyu suna cewa ga inda sarauta take da daraja, kuma na fahimci zafin da ya sa suka faɗi haka.

Amma ku ji yadda ta kaya. Muhyiddin da rinjayensa bai wuce na kujeru biyu ko uku ba, ya zo a Oktoban 2020 ya nemi a sa dokar ta-ɓaci da sunan korona, wanda kowa ya san zai hana majalisa zama ne, Agong ya tara 'yan uwansa sarakuna suka duba ya ce babu buƙata. Jama'a suka yi ta murna, ni ma na ji daɗi a lokacin, sai dai tambayar da masana shari'arsu suka yi tana nan: in kundi ya ce sarki yana aiki da shawarar gwamnati, daga ina ya samu ikon ƙin wannan? A Janairun 2021 aka sake nema ya amince, aka rufe majalisa wata da watanni. Zuwa Yuni fada ta fara cewa a buɗe majalisa da gaggawa, a ƙarshen Yuli kuma ministan shari'a Takiyuddin Hassan ya shaida wa majalisa cewa an soke dokokin ta-ɓacin, fada ta fitar da sanarwa a bainar jama'a cewa sarki bai amince da hakan ba kuma an ɓatar da majalisa. Gwamnati ta mayar da martani cewa ai sarki dole ya bi shawara. Ba a yi wata guda ba Muhyiddin ya faɗi, aka sake komawa fada, wannan karon kowane ɗan majalisa ya aiko da takardar rantsuwa, Ismail Sabri ya samu 114 ya hau. Zaɓen 19 ga Nuwamban 2022 kuma bai ba kowa 112 ɗin da ake buƙata ba, gamayyar Anwar Ibrahim ta samu 82, ta Muhyiddin ta biyo ta da 'yan kujeru kaɗan a ƙasa, tsohuwar gamayyar UMNO ta tsira da 30. Sarki ya kira Anwar da Muhyiddin ya ce su haɗu su kafa gwamnatin haɗin kai, Muhyiddin ya ƙi ya ce yana da takardun mutum 115, sarki ya gana da sauran, ya tara sarakuna, ranar 24 ga wata aka rantsar da Anwar. Sarki ɗaya, shekara biyar, firaminista huɗu, uku shi ya naɗa su.

Ba na zargin Sarki Abdullah da son iko, a ganina ya yi iya ƙoƙarinsa a cikin ɓarnar da ba shi ya yi ba, kuma da ba shi a wurin Allah kaɗai ya san inda ƙasar za ta faɗa. Laifin na 'yan siyasa ne da suka mayar da kujerar majalisa hajar sayarwa, mutum ya sa hannu wa wannan da safe ya sa wa wancan da yamma, har sai da aka yi dokar hana sauya sheƙa a 2022. Amma duk da haka abin da ya biyo baya yana damuna, kuma shi ne ainihin dalilin wannan rubutun. Zaɓen wanda zai mulki ƙasa hukunci ne na siyasa, dole wani ya ji an zalunce shi, kuma a dimokuraɗiyya wanda ya yanke irin wannan hukunci ana iya sukarsa a kuma kayar da shi a zaɓe na gaba. Sarki kuwa ba a zaɓensa, kuma dokar tada zaune tsaye ta 1948 da Turawa suka bari ta hana a soke shi. A Yulin 2023 an gurfanar da babban ministan Kedah, Muhammad Sanusi Md Nor, saboda maganar da ya yi a kan naɗin da sarkin Selangor ya yi. A Agustan 2024 kuma Muhyiddin da kansa, mutumin da fada ta ɗora a 2020, aka kai shi kotu saboda ya faɗa a wajen kamfe cewa yana da 115 amma ba a kira shi ba. Ko kana son Muhyiddin ko ba ka sonsa, ni ba na cikin masoyansa, dole ka tambayi kanka yadda za a yi mutum ya yanke hukunci mafi girma a siyasar ƙasa sannan a ce tattauna hukuncin laifi ne.

Ga kuma maganar afuwa. Najib ya shiga gidan yari a Agustan 2022 da hukuncin shekara 12, a farkon Fabrairun 2024 aka sanar cewa hukumar afuwa da Sarki Abdullah ya jagoranta a kwanakinsa na ƙarshe ta rage shi zuwa shida, tarar ringgit (kuɗin ƙasar) miliyan 210 ta koma miliyan 50. Mutanen da suka yi ta yabon fada a 2020 da yawansu ranar shiru suka yi, wasu don takaici wasu don tsoron doka. Gwamnati ta ce ikon sarki ne, magoya bayan fada suka ce ai da ministan gwamnati da babban lauyanta a cikin hukumar, kowa ya samu inda zai ɓuya, talakan da aka sace wa kuɗi bai san wa zai riƙe ba.

To mu dawo gida kaɗan, tunda mu ne muke kawo misalin. Abin da sarakunan Malesiya suke da shi wanda namu ba su da shi a fili yake, babban ministan jiha ba zai iya tsige sarki ba, sarkin ne ma yake naɗa shi, gadon sarauta yana hannun majalisar fada da kundin jiha, tarayya kuma ta lamunce shi. Mu kuwa tun daga Sarki Sanusi na farko da aka kai Azare a 1963, zuwa Sarkin Musulmi Dasuki a 1996, zuwa Jokolo na Gwandu a 2005, zuwa abin da Kano take ciki tun 2019, takarda ɗaya daga gidan gwamnati ta isa, kundin 1999 ko ambaton sarakuna bai yi ba. Wannan kariyar ina goyon bayan a nemo ta, a fitar da naɗi da cirewa daga aljihun gwamna a sa su a ƙa'idar da kotu za ta iya dubawa. Amma masu cewa a ba su iko irin na Malesiya su sani tsarin ba ɗaya ba ne, su na firaminista suke yi inda gwamnati take fitowa daga cikin majalisa shi ya sa ake buƙatar mai naɗawa, mu shugaba da gwamna kai tsaye ake zaɓensu, babu wannan gurbin. Su gidaje tara ne masu addini ɗaya da harshe ɗaya, mu ɗaruruwa ne. Kuma su sani sarakunan can sun biya farashi, sun yarda a kai su kotu. Sarkin da yake so gwamna ya daina taɓa shi, shi ma sai ya yarda ya cire hannunsa daga kamfe da neman kwangila da kai 'yan takara Abuja, in ba haka ba duk dokar da aka rubuta gwamna na gaba zai samu hujjar karya ta kuma jama'a su tafa masa.

A can ma maganar ba ta ƙare ba. Wanda yake kan karaga tun 31 ga Janairun 2024 shi ne Sarki Ibrahim na Johor, ɗan wancan Sarki Iskandar na rigimar Gomez, attajiri ne mai harkokin kasuwanci da yawa, jiharsa ce kaɗai take da rundunar sojan fada tata, kuma tun kafin ya hau ya faɗa wa wata jaridar Singafo cewa shi ba zai zama sarkin jeka-na-yi-ka ba, har ya kawo shawarar hukumar yaƙi da cin hanci ta dinga kai rahoto wurinsa kai tsaye. Da ya buɗe majalisa ya gargaɗi 'yan siyasa cewa ba zai saurari duk mai neman kifar da gwamnati ba, a jira zaɓe. Mutane da yawa sun ji daɗin wannan don sun gaji da canjin gwamnati, Anwar ma ya fi kowa jin daɗi, amma gobe in gwamnati ta rasa rinjaye da gaske fa, wa zai ce a gwada?

Abu ɗaya da Anwar ya yi wanda na yaba shi ne bai tsaya ga naɗin fada ba, ranar 19 ga Disamban 2022 da majalisa ta fara zama ya kai kansa aka kaɗa ƙuri'ar amincewa a fili ya tsallake. Muhyiddin bai yi haka ba, Ismail Sabri ma bai yi ba, kuma kundin bai tilasta wa kowa ya yi ba, ra'ayin mai kujera ne. Wa'adin majalisar nan zai ƙare a Disamban 2027, na Sarki Ibrahim kuma sai Janairun 2029, kenan zaɓe mai zuwa a hannunsa za a yi shi, kuma yadda jam'iyyun ƙasar suka rarrabu gida uku da wuya wani ya kawo 112 shi kaɗai.